Teburin Munzali a Layin Mahauta

Munzali mahauci ne ɗan mahauci. Kakansa ne ya taso daga Ƙauran Namoda da wuƙaƙensa a ƙunshe cikin fata, ya iso Mubi ya ga yadda shanu ke kwararowa daga Kamaru, ya ce shi kam ya zo gida. Munzali ya gaji teburin babansa a layin mahauta na babbar kasuwa. Mutum ne mai faɗin ƙirji da ƙatuwar murya, in ya yi dariya a farkon layi sai na ƙarshen layi sun ɗago kai. Masu gidajen abinci sun fi son namansa, don ba ya ɓoye ƙashi a ƙarƙashin tsoka, kuma in saniya tsohuwa ce zai gaya maka tsohuwa ce, ka ƙara mata wuta.

Wata damina zazzaɓi ya sa shi gaba. Ya sha maganin maleriya, ya sha na taifot, ya sha jiƙon da surukarsa ta aiko daga Digil, amma jiki sai zubewa yake. Ran nan ya je Michika sayen awaki, yana cikin taya wani bunsuru sai jiri ya kwashe shi. Dillalai suka ɗauke shi zuwa wani ƙaramin asibiti a bayan kasuwa. Da ya farfaɗo aka nemi izininsa a gwada jininsa, ya ce a gwada duk abin da za a gwada. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Eva, 'yar garin, ita ce ta rufe ƙofa ta zauna a gabansa, ta gaya masa yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau.

Bai yi kuka ba. Ya zuba wa hannuwansa ido kawai, duk tabon wuƙa ne tun na yarinta.

"Akwai magani, kuma kyauta ne," in ji Eva, cikin Hausarta ta mutanen Michika da ba ta raba mace da namiji. "Ƙwaya ɗaya kullum. In ka riƙe shi da kyau za ka tsufa kana yanka shanun ka. Kana da mata?"

"Ina da ita."

"Ka kawo shi mu duba shi, da yara duka."

Ya ce to. Amma bai kawo kowa ba.

Tun a mota kafin a iso Mubi ya gama yanke shawara cewa babu mahaluƙin da zai ji wannan magana. Mahauci ne shi, sana'arsa wuƙa da jini. In kasuwa ta ji, wa zai ƙara sayen nama a hannunsa? Ya juye ƙwayoyin da aka ba shi a leda, ya jefar da robarsu a cikin ciyawa a gefen hanya. A gida ya cusa ledar a ƙarƙashin kwanon rufin garken awakinsa. Sai ya faki ido yake zuwa ya haɗiye ɗaya ba ruwa. Ranar da yara ke wasa a wurin, ko matarsa Aishat ke shara, sai ya haƙura. Ranar da aka yi baƙi ma haka.

A Michika ya ci gaba da karɓar magani, don a Mubi babu asibitin da zai shiga bai haɗu da wanda ya taɓa sayar wa hanta ba. Duk lokacin da ranar karɓa ta zo sai ya ƙirƙiri sayen awaki. In ta faɗo a kan ranar da kasuwar shanu ke ci, sai ya ɗaga tafiyar, maganin ya ƙare ya zauna haka nan. Ya bar ɗakin Aishat ya koma kwana a ɗakin zaure, ya ce zafi ne ke damunsa, alhali ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ya daina cin abinci tare da 'ya'yansa. Dariyarsa ta ɗauke daga layin mahauta. In ya ga mutum biyu suna magana ƙasa-ƙasa sai ya ce da shi suke.

Damina ta wuce, aka yi kaka, bazara ta kawo kai. Tari ya kama shi, maruru suka fito masa a wuya. Da Eva ta ga sakamakon gwajinsa sai ta cire tabarau ta dube shi.

"Malam Munzali, ba ka shan wannan magani yadda aka ce."

"Ina sha, Sista. Wani lokaci dai ido ne ke yi min yawa."

"Cutan nan bai san ido ba. In ka ba shi hutu, shi ba ya hutu. Matan ka ya sani?"

Ya kau da kai, ta gane amsar.

Aishat ce ta kawo ƙarshen ɓoyon, ba shi ba. Bafulatana ce 'yar Digil, doguwa, marar yawan magana, amma in ta ƙi abu ta ƙi shi ke nan. Wata safiya bayan yara sun tafi makaranta, ya zagaya garke ya miƙa hannu ƙarƙashin kwano. Yana jefa ƙwayar a baki ya juyo, sai ga ta tsaye da ƙwaryar dusa a hannu.

"Baban Fa'iza," ta ce, "ashe abin da nake zargi gaskiya ne. Tiramol kake sha."

"Wane irin Tiramol?"

"To mene ne? Mutum ya rame, ya daina ci, ya daina kwana a ɗakinsa, kullum yana bayan awaki yana haɗiye abu kamar ɓarawo. Da girmanka da 'ya'yanka. Tun kaka nake roƙon Allah ya raba ka da shaye-shaye, ko Dada da ta haife ni ban gaya wa ba don in rufa maka asiri."

Wata irin dariya ta ƙwace masa, marar daɗin ji. Wato duk wahalar da ya sha yana ɓoyewa, abin da ta saya masa ke nan, matarsa na kallonsa a matsayin ɗan ƙwaya. Ya zauna a kan turmin da aka kife, ya ce mata ta ajiye ƙwaryar. Ya gaya mata komai, tun daga jirin da ya kwashe shi a Michika.

Awaki suka zo suna cin dusar a gabanta ba ta kore su ba.

"Tun damina?" ta ce.

"Tun damina."

"Wato tun damina ka san wataƙila ina da ita, wataƙila autana yana da ita, ka bar ta tana cin mu, kai kana shan magani a bayan awaki?"

"Tsoro nake kada ki tafi."

"Gara in tafi da raina da in mutu a ɗakinka ban san me ya kashe ni ba. Ciwo na Allah ne, Baban Fa'iza, ba wanda ya fi ƙarfinsa. Amma wannan shirun naka ne, kai ka yi shi da hannunka."

Ba ta tambaye shi inda ya samo ta ba sai sau ɗaya. Ya ce bai sani ba. Matarsa ta fari ta rasu kafin ya auri Aishat, bayan doguwar jinya da aka ce ciwon shawara ne. An taɓa ƙara masa jini da mota ta kife da su. Ya sha aski da ƙaho a hannun wanzamai iri-iri. Allah kaɗai ya san ta ina ta shigo.

Ranar ta haɗa kayanta, da yara suka dawo ta tattara su suka tafi Digil. Munzali ya zauna a gida shi kaɗai, yana dafa shayi yana ci da burodi. Abin da ya ba shi mamaki, duk da gidan ya yi masa faɗi, sai ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi kamar an sauke masa cinyar bijimi daga kafaɗa. Ya ɗauko ledar daga garke ya ajiye a kan taga.

Bayan 'yan kwanaki keke napep ya tsaya a ƙofar gida, Aishat ta sauko da yaran. Ta je asibiti da ƙafarta, an gwada ta, an gwada su. Babu wanda ke da ita. Ma'aikatan sun ce mata hakan na faruwa, kuma in mijin ya riƙe magani har ƙwayar cutar ta kwanta a jininsa, ba zai shafa mata ba. Munzali ya durƙusa a tsakar gida ya yi sujada, goshinsa a kan ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Na dawo," ta ce, "amma da sharaɗi. Ba sauran Michika. A nan Mubi za ka riƙa karɓa, kuma tare za mu je. Magani kuma a robarsa zai zauna, kusa da filas ɗin shayi."

Haka aka yi. Eva ta mayar da shi wani asibiti a Mubi, ta ce wannan shi ne abin hankali na farko da ya yi tun da ta san shi. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya tarar da kofin ruwa da ƙwayar a kan faranti. In ya yi gardamar cin abinci Aishat ta tsaya a kansa. Tari ya tafi, maruru suka bushe, wuyansa ya cika. Ya koma kwana a ɗakin Aishat. Kafin wata damina ta kankama, likita ya gaya masa ƙwayar cutar ta kwanta, na'ura ma ba ta ganinta. Dariyarsa ta dawo layin mahauta.

Murtala ne ya gan shi. Shi ma mahauci ne, teburinsu na kallon juna, tare suka koyi fiɗa suna yara. Ya kai mahaifiyarsa ganin likitan ido, sai ya hango Munzali da Aishat zaune a kan benci a ɓangaren da kowa a garin ya san ko na su waye. Suka haɗa ido. Munzali ya ɗaga masa hannu, Murtala ya kau da kai kamar bai gani ba.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama kasuwa. Ba wanda ya tare shi da ita. Sai dai mace ta nufo teburinsa, wata ta ja mata mayafi ta raɗa mata wani abu, su wuce gaba. Masu gidajen abinci suka fara aiko da uzuri. Da rana, in an kawo babban tiren shinkafa da mahauta ke haɗuwa su ci, yana sa hannu sai kowa ya tuna yana da abin yi. Nama ya riƙa kai masa la'asar a kan tebur, ƙuda na bi.

Ran nan bayan azahar Sarkin Fawa, Alhaji Lawali, ya aika a kira shi. Dattijo ne, abokin marigayi babansa. Ya sallami mutanen da ke rumfarsa, ya nuna wa Munzali tabarma.

"Ɗana, ba zan tambaye ka ko gaskiya ne ko ƙarya ba. Amma kasuwa ta ɗauka, kuma abin ya fara taɓa layin gaba ɗaya. Mutane na cewa mahautan Mubi na sayar da nama da ciwo. Shawarata, ka ba wani teburin ya riƙe maka. Kai ka koma kasuwar shanu kana saye kana turowa. Ba wanda zai ce an kore ka. Sai mu ce ƙafa ce ke damunka."

"Ranka ya daɗe, ƙafata lafiyarta ƙalau."

"Na sani. Rufin asiri nake nema maka."

"Na gode, Baba. A ba ni zuwa gobe."

Ya koma gida da wuri ya tarar da Aishat na tankaɗe garin masara. Ya zayyana mata yadda suka yi. Ya ce shi abin da ke ransa, ya tsaya a tsakiyar layi ya faɗa da bakinsa, amma maganar ba tasa ba ce shi kaɗai. Ita za a nuna a gidan biki, yara za a tsokana a makaranta.

Ta ci gaba da tankaɗe. "An riga an fara," ta ce. "Jiya a Islamiyya wata yarinya ta ƙi zama kusa da Fa'iza. Matar gidan can ta aiko a karɓo mata turminta, turmin da ya shekara a nan. In ka bar teburin yau, gobe za su ce ka bar sahun masallaci, jibi su ce mu bar unguwa. Ni ban ga abin da ka sata ba."

Fa'iza, babbar 'yarsu, tana bakin ƙofar ɗaki tana ji. Tun dawowarsu daga Digil uwarta ta zaunar da ita ta yi mata bayani. Munzali ya dube ta.

"Ke fa, uwata?"

"Baba, ka faɗa. Na gaji da yin kamar ban ji abin da suke cewa ba."

Washegari ya yanka bijimi mai ƙiba, ya jera naman a kan tebur. Ya jira hantsi ya ɗaga, lokacin da layin ke cika da mata masu cefane da yaran gidajen abinci. Sai ya ɗauki gatari ya buga bayansa a kan katako har sikeli ya yi tsalle. Kowa ya waiwayo.

"Jama'a, ku ba ni kunnenku! Na ji ana ta wahalar raɗa a kaina, to bari in hutar da ku. Ni Munzali ina ɗauke da cutar ƙanjamau. Ba a bakin Murtala kuka ji ba, a bakina kuka ji."

Murtala ya sunkuyar da kai yana goge wuƙar da ba ta da datti.

"Ina shan magani kullum. Matata ba ta da ita, 'ya'yana ba su da ita, kuma kwano ɗaya muke ci. Ba a ɗaukarta a nama, ba a ɗaukarta a tuwo, ba a ɗaukarta a musabaha. Wanda bai yarda da ni ba ya je asibiti ya tambaya, ba nisa. In na yanke a hannu ina ɗaurewa, in yanke inda jini ya taɓa in zubar, kamar yadda ubana ya koya min tun ban san wata cuta ba. Wanda zai saya ya saya. Wanda ba zai saya ba ga tebura nan da yawa, Allah ya ba kowa kasuwa. Amma teburin nan ba na barinsa."

Wani daga baya ya ɗaga murya. "To a ina ka samo ta?"

"A inda babanka ya samo hawan jini," in ji Munzali. "Ka taɓa tambayarsa?"

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka ja tsaki. Alhaji Lawali na tsaye a bakin rumfarsa da sanda. Munzali ya juya ya rusuna masa.

"Ranka ya daɗe, ka gafarce ni. Amsata ke nan."

Dattijon ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce, "Kai dai taurin kan ubanka ka ɗauko," ya koma ciki. Bai ce ya tashi ba, bai kuma ce ya zauna ba.

Ranar rabin bijimin ya kwana. Aishat ta yanyanka shi ta yi kilishi da dambu, ta aika wa 'yan uwa a Digil. Wasu suka ci, wani kawunta ya dawo da nasa. Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Ya koma yanka akuya ɗaya a maimakon bijimi. Wani babban gidan abinci da ya yi shekara da shekaru yana kai wa nama bai ƙara nemansa ba har yau. A masallaci akwai wani maƙwabci da in sahu ya haɗa su sai ya bar tazara, Munzali kuwa sai ya matsa ya rufe ta, ya haɗa ƙafarsa da tasa.

Wata safiya a teburin mai shayin layin, ya lura kullum kofi ɗaya ake ba shi, an ɗaura masa jan zare a mariƙi. Ya ɗaga kofin sama ya juya shi kowa ya gani.

"Ridwan, wannan nawa ne ni kaɗai?"

Mai shayin ya fara kame-kame.

"A'a, madalla, na gode. Ka kula min da shi sosai. Kada ka kuskura ka ba Murtala ya sha a ciki, tarin nan nasa tun bara yake yi, ni kuma jikina ba ya son ƙazanta."

Dariya ta ɓarke har da masu dako. Murtala ya tashi ya bar shayinsa. Bayan kwana biyu zaren ya ɓace daga kofin.

Da kaɗan-kaɗan wasu suka dawo. Wata mai sayar da abinci a tasha, Kirista ce 'yar ƙabilar Gude, ta zo ta ce ita naman kirki take nema, ba tarihin mai nama ba. Mata suka ga watanni na shuɗewa mutum bai faɗi ba, sai ma ƙiba yake, ya fi rabin mahautan layin kyan gani. Kasuwarsa ba ta koma yadda take da ba, shi ma bai yi tsammanin za ta koma ba. Amma ya daina waige. Ranar karɓar magani sai ya ce wa na kusa da shi, "Duba min tebur, zan je asibiti," da ƙarfi kamar mai cewa zai je banki. Yana ci ya ƙoshi, yana kwanciya barci ya ɗauke shi. Shi da Murtala kuwa gaisuwa kawai ta rage.

Da Babbar Sallah ta zo, gidajen da suka saba kiransa fiɗar rago suka ragu ƙwarai. A da sai ya kai magariba yana yawo da wuƙaƙe. Bana kafin azahar ya gama da 'yan gidajen da suka neme shi. Na ƙarshe gidan wata Hajiya Adawiyya ne a Kolere, mai sayar da atamfa, wadda bai taɓa yi wa aiki ba. Ya yi mamakin kiran, don unguwar cike take da mahauta.

Ya feɗe ragon, ya raba shi gaɓa-gaɓa, ya ware kayan ciki. Yana tsugune yana wanke barho a bakin rariya sai ta sallami masu taya ta aiki, ta matso kusa.

"Malam Munzali, ni ba don rago na kira ka ba. Ina kasuwa ranar da ka yi magana." Ta nuna wani ɗaki da labule a sake. "Ƙanena ne a ciki, Gabdo. Direba ne, yana jigilar kaya zuwa Belel. An gwada shi an gaya masa, ni kaɗai ya faɗa wa. Ya ƙi karɓar magani. Ya ce gara ya mutu a ce taifot ne da a gan shi a kan bencin asibitin nan. Na yi kuka, na yi faɗa, ya juya min baya. Ko za ka leƙa shi?"

Munzali ya goge hannu a gefen riga. "Ya san za ki gaya min?"

"Na ce masa zan kira ka. Bai ce e ba, bai ce a'a ba."

Ya yi sallama a bakin ƙofa, wata siririyar murya ta amsa. Ɗakin duhu, da warin jinya. Mutumin na kwance a kan katifa ya fuskanci bango, ƙasusuwan kafaɗarsa sun turo riga. Munzali ya yaye labulen gaba ɗaya, haske ya shigo.

"Gabdo, juyo ka dube ni."

Da ƙyar ya juyo, yana kare ido da hannu.

"Ka san ni?"

"Kai ne mahaucin nan."

"Ni ne. Abin da ke jininka shi ke jinina. Raguna na feɗe tun safe, kuma in an kawo wasu yanzu zan feɗe. Na yi maka kama da wanda za a kai maƙabarta?"

Gabdo bai mayar da fuskarsa bango ba.

"Mutane za su gan ni," ya ce daga baya.

"Za su gan ka. Za su yi magana, wasu za su guje ka, ba zan yi maka ƙarya ba. Ni ba na ce ka hau tebur ka yi shela kamar ni ba, wannan haukata ce, ba dole ba ce. Yayarka ta sani, ya isa. Amma benci kam sai ka zauna a kansa. In an koma aiki bayan Sallah zan zo da keke in ɗauke ka. Ni zan zauna ta bakin hanya, duk mai kallo ya ƙare a kaina, ai na fi ka faɗi."

Wani abu mai kama da murmushi ya taɓa bakin Gabdo. Munzali ya leƙa waje ya ɗaga murya yadda ya saba a kasuwa.

"Hajiya, a gasa hantar nan a kawo, da ruwan zafi! A kwano ɗaya za a zubo mana."

Ya cire takalmi, ya zauna a bakin katifar ya tanƙwashe ƙafa, ya fara tambayar Gabdo yadda hanyar Belel take a wannan damina, ko mayo, wato kogi, ya cika har motoci sun daina haurawa.